Ya Gana Mai Wankan Jarirai

A unguwarsu da ke Azare, in aka ce mace ta sauka, kafin a sanar da dangin miji an aika wa Ya Gana. Ba ungozoma ba ce, ba ta karɓar haihuwa, in kuwa ka kira ta da wannan suna sai ta gyara maka zance tana harararka. Aikinta yana farawa ne bayan an yanke cibi, wato wankan jariri da na mai jego, safe da yamma, har a yi arba'in. Iyayenta daga wajen Gaidam suka zo tun tana goye, don haka Barbarcinta bai wuce na gaisuwa da na faɗa ba. Amma sana'ar ta kakarta ce, wadda aka ce ita ma abin da ta yi ke nan har ta bar duniya.

Wanda bai ga Ya Gana tana wanka ba ya yi asarar kallo. Za ta zauna a kujera 'yar tsugunne, ta miƙe ƙafafu bisa baho, ta kwantar da jariri a kan ƙwaurinta, ta auna zafin ruwa da gwiwar hannu. Ta saɓe shi, ta bi kowane lungu na wuya da hamata, ta miƙe masa hannu da ƙafa, ta gasa cibi da tsumma mai ɗumi, ta shafe shi da man alayyadi, tana yi tana zaginsa da uban hanci ko uban kunne. Yaron da ya kwana yana tsala ihu, kafin ta gama ya yi lamo. Uwar kuwa ba ta samun wannan lallashi. Ganyen darbejiya da tafasasshen ruwa, in ta yi raki Ya Gana ta ce, "Lokacin da kike shafa turare kina rangwaɗa ai ba ki kira ni ba." Bakinta ba daɗi, kowa ya sani. Amma ba a taɓa cewa yaro ya suɓuce daga hannunta ba, kuma da wannan take taƙama.

Mijinta Malam Babakura mai sayar da bandar kifi ne a kasuwa, mutum mai sanyin hali da gudun abin magana. 'Ya'yansu duk maza ne sai auta, Khaulat. Tun ranar da aka kai Khaulat gidan mijinta Abdulrahim a Jama'are, Ya Gana ta soma tanadi. Al'ada ce haihuwar fari mace ta dawo gaban uwarta ta yi wanka, ita kuwa ta wanke 'ya'yan rabin unguwa, na jininta ne kawai ba ta taɓa ba, don surukanta mata kowacce gidansu take tafiya. Ta sayi sabon baho ta kife a ƙarƙashin gado, ta hana kowa taɓawa. In mata suka tsokane ta da cewa amarya ko wata ba ta yi ba, sai ta ce ita dai ta shirya, saura na Allah.

Ciwon da sanɗa ya shigo. Da farko in ta tashi da safe yatsunta ne ke ƙin lanƙwasuwa sai rana ta ɗaga. Daga nan gaɓoɓin suka kumbura, wuyan hannu ya ɗauki zafi, gwiwoyi suka bi sahu. Mata suka ce sanyi ne, mutumin da ya ƙare rayuwarsa hannu cikin ruwa ai dole. Ta sha saiwoyi, an yi mata ƙaho, an shafa mata man da ba ta san sunansa ba. Ranar da ta kasa matse tsumman gashin cibi, har sai da mai jego ta karɓa ta matse mata, ta dawo gida ta ce wa Malam Babakura ya kai ta asibiti.

Likitan ya sa aka ɗebi jini, ya duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce ba sanyi ba ne. Ya ce garkuwar jikinta ce, wadda aikinta korar cuta, ta rikice ta koma tana cin gaɓoɓinta. Ya rubuta mata wasu ƙananan ƙwayoyi farare masu kashe kumburi, ya ce suna da ƙarfi ƙwarai, na ɗan lokaci ne, ta dawo ya riƙa rage mata a hankali ya ɗora ta a kan wani. Ya kuma ja kunnen Malam Babakura cewa in ya ga barcinta ya ɗauke ko halinta ya sauya, kada ya jira ranar da aka ba su. Malam ya ce to, ya ce in Allah ya yarda, ya yi godiya har da rusunawa.

Kafin mako ya zagayo Ya Gana ta koma kamar ba ita ba. Yatsu suka saki, gwiwa ta daina ƙara, ta koma bakin bahonta tana zagin jarirai. To, mutumin Azare da ya samu maganin da ya karɓe shi, me zai mayar da shi layin asibiti ya wuni a kan benci, ga kifi a kasuwa ƙuda na bi? Da ƙwayoyin suka ƙare, Malam Babakura ya yi abin da kowa ke yi. Ya ɗauki fankon kwalin ya kai wa Maikuɗi mai kemis a bakin titi, ya ce, "Irin wannan za ka ba ni." Maikuɗi ba mugu ba ne. Yana ba ka abin da ka tambaya, ya ƙara maka da wanda ba ka tambaya ba don zumunci. Ya ba shi, ya kuma ƙulla masa haɗi a leda, ja da fari da rawaya, ya ce wannan na ciwon gaɓoɓi ne, Hajiyoyi da yawa sun gode masa. A cikin haɗin akwai ƙwayar nan da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe, wadda gidansu ɗaya da ta asibitin, ta ma fi ta ƙarfi. Daga Malam har Maikuɗi babu wanda ya san haka.

Fuskarta ta cika, kumatu suka fito, wuya ya yi kauri. Mata suka riƙa cewa, "Kai, Ya Gana, kin murje! Me Malam yake ba ki ne?" Ita ma ta ji daɗi, don tun tana budurwa ake mata gorin rama. Sai barci ya ɗauke. Sai surutu, ta kama wannan zance ba ta dire ba ta ɗauko wancan. Ta share tsakar gida ta sake sharewa, ta wanke kwanukan da aka riga aka wanke. Abin dariya kaɗan ta yi ta ƙyaƙyatawa har da hawaye, jim kaɗan ta hau kuka. Malam Babakura ya lura sarai, ya kuma tuna maganar likita, amma ya ce a ransa mace ce da ta daɗe a kwance ta samu lafiya, ɗoki ne, zai wuce.

A gidan maƙwabciyarsu Ruƙayyatu abin ya fashe, kwana kaɗan bayan sunan ɗan da ta haifa. Da hantsi ne, mata cike da tsakar gida ana dama kunun kanwa. Ya Gana ta gama wa yaron wanka, ta naɗe shi a zani, ta ɗaga kai za ta miƙa wa uwarsa. Daga baya ta ce a wannan lokaci ta ga fuskokin matan duk sun sauya, ta ji ana raɗa a bayan kunnenta cewa sun zo musanya yaron ne, har uwar da bakinta a ciki. Ba shakka take yi ba, ta tabbata kamar yadda ta san sunanta. Ta rungume shi ta faɗa ɗaki ta danna sakata.

Aka yi lallashi, aka yi magiya, Ruƙayyatu ta yi ta dukan ƙofa nono na zuba a rigarta. Daga ciki sai muryar Ya Gana tana yi wa yaron waƙa, tana ce masa kada ya ji tsoro, ba mai taɓa shi. Har aka kira azahar. Sai da maza suka shigo suka cire ƙofar da ƙarfe. Babayo, mijin Ruƙayyatu, shi ya ɓamɓare yaron daga ƙirjinta, ta kuwa kafa masa haƙori a hannu. Yaron barci yake abinsa, cibinsa a gashe, ko ƙwarzane babu. Amma a cikin masu ba da labarin ba wanda ya damu da wannan ɓangaren.

Aka ce iska ce, mai yawan hulɗa da jinin haihuwa da ruwan zafi dama ba ta rasa gamo. Aka kawo malamai suka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka yi rubutu. Malaman sun yi nasu tsakani da Allah, ba ni da ta cewa a kansu. Abin da ke ci mini rai shi ne, kowace safiya bayan an shafa mata tofi, Malam Babakura zai zauna kusa da ita ya ɓare ƙwayoyin nan, na kwali da na leda, ya ba ta da ruwa a kofi, ya tsaya sai ta haɗiye. Yana cewa ciwo biyu ne, kada a garin neman maganin ɗaya a bar ɗayan ya tashi. Don ƙauna yake yi, kuma bai taɓa tsallake rana ba.

Akwai ranar da abin zai iya tsayawa. Ƙafafunta sun kumbura, ya ɗauke ta a Keke Napep zuwa asibiti. Ba likitan farko suka samu ba, wani ne, ga layi har waje. Ya Gana ranar shiru take, ta ƙura wa bango ido. Likitan ya duba katinta ya tambaya, "Baba, ƙwayoyin da aka ba ta kwanaki, tana sha har yanzu?"

Malam Babakura ya ji kunyar a ce ya karya umarni. Ya ce, "Ai mun gama tuntuni, likita."

"Barci fa? Ba wani abu da kuka gani ya sauya?"

A lokacin Khaulat na da ƙaramin ciki. Malam ya tuna mutane na cewa hauka gado ne, ya tuna labule kawai ya raba su da masu jiran layi, ya hango maganar an rubuta ta a kati ta zauna har abada. Ya ce, "Alhamdu lillahi, sai godiya." Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga shi mijin mai wankan jarirai ya ɓoye. Kuma abin takaicin, asirin da yake rufewa tuni ya isa Jama'are a motar haya. Likita ya ga gaɓoɓi, ya ji an ce an daina magani, sai ya sake rubuta ƙwayoyin na ɗan lokaci. Malam ya saya ya haɗa da na gida.

Ba a daɗe ba ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, jiki na karkarwa, idanu sun kafe, ta ciji harshe. Allah ya sa ranar Khaulat ta zo duba ta. Ita ce ta ƙi a kira malamin ruƙiyya, ta ce asibiti za a tafi, ita ce kuma ta shiga ɗaki ta tattara duk wani magani da ta gani, na kan taga da na cikin kwalla, ta juye a leda ta zazzage a teburin likita. Wannan karon likitan farko suka samu. Ya ware ƙwayoyin da bakin biro, sannan ya dubi Malam Babakura ya tambaye shi tun yaushe. Malam ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya, ba ragi.

Likitan bai yi faɗa ba, gara ma a ce ya yi. Ya ce maganin nan in ya yi yawa ko aka daɗe a kansa yakan taɓa ƙwaƙwalwa, ya hana barci, ya sa mutum ya ga abin da babu, ya ji abin da ba a faɗa ba, wani ma har ya faɗi kamar mai farfaɗiya. Ya ce ba gado ba ne, ba kuma halinta ba ne. Ya dubi Khaulat ya ce, "Mahaifiyarki ba mahaukaciya ba ce. In maganin ya fita daga jikinta za ta dawo yadda kika san ta." Ya ce ba a yanke shi rana ɗaya, sai da dabara, don haka aka ba ta gado.

Haka kuwa aka yi. A hankali barci ya dawo, kumatu suka sace, surutu ya lafa. Aka ɗora ta a kan wani magani na mako-mako. Yatsun ba su koma kamar lokacin ƙwayoyin ba, da safe sukan yi tauri, amma in ta jiƙa su a ruwan ɗumi suna aiki. Abin da ba a gaya mata ba shi ne za ta tuna komai. Ta tuna sakatar, ta tuna muryar Ruƙayyatu, ta tuna ɗanɗanon jinin Babayo a bakinta. Ba ta yi wa Malam Babakura gori ba ko sau ɗaya, shi kuwa wannan shirun ya fi masa zagi ciwo.

Da ta ji ƙarfi ta yafa mayafi ta je gidan Ruƙayyatu neman gafara. Aka karɓe ta da fara'a, aka ce haba, ba komai, lalura ce, Allah ya ƙara sauƙi. Tana cikin gaisawa ta ga an ɗauke yaron daga tabarma an yi ɗaki da shi. Bayan nan mata suka ci gaba da haihuwa a unguwar kamar kullum, sai dai ba a aiko mata. Ta kan ji guɗa ta katanga, ta ga hayaƙin tafasa ruwa, ta ga wata can da ba ta iya riƙe kan jariri ba tana shiga da fita. Labarin ƙofar da aka cire ya je Giade, ya je Bulkachuwa, an ƙara masa gishiri har an ce wuƙa ta riƙe. Bayanin likita kuwa bai wuce ƙofar asibiti ba. In Malam Babakura ya ce magani ne ya jawo, sai a gyaɗa kai a ce Allah sarki, a ce a bayansa ai dole ya kare matarsa.

Duk wannan ta shanye, don ranta na kan abu guda. Cikin Khaulat ya tsufa.

Uwar mijin Khaulat, Hajiya Kubra, ta aiko cewa a Jama'are za a yi wanka, ba sai an wahalar da marar lafiya ba. Khaulat ta tubure. Ta ce da kunnenta ta ji abin da likita ya faɗa, ta ce ba za a mayar da uwarta abin gudu ba tana da rai, ta yi kuka har Abdulrahim ya shiga tsakani. Aka daidaita a kan ta je gida, amma Goggo Sadiya, ƙanwar Hajiya, za ta bi ta ta zauna, ita za ta riƙa wankan yaro. Da aka kawo wa Ya Gana wannan sharaɗi ta ce ba komai, hannu da yawa ai maganin ƙazamar miya. Ta ce a ranta in suka zauna da ita suka ga lafiyarta lau, da kansu za su miƙo mata shi.

Khaulat ta haifi namiji. Ya Gana ta fito da sabon baho. Ita ke faskaren itace da yatsun nan nata, ita ke tafasa ruwa, ita ke yanko darbejiya, ita ke gasa nama ta barbaɗa yaji, ita ke wankin tsummoki. In ruwa ya yi sai ta sirka ta koma gefe, Goggo Sadiya ta zauna ta yi wankan. Tana kallo ana barin sabulu a bayan kunne, ana gasa cibi da tsumman da ya huce, bakin nan nata da bai taɓa raga wa kowa ba ta kame shi. Akan ba ta yaron ta riƙe, ba a hana ta ba, amma ba a taɓa fita a bar ta da shi ba. Ko banɗaki Goggo za ta shiga sai ta ce, "Kawo shi nan, Yaya, kada ya gajiyar da ke."

Ana cikin haka aka yi wa Goggo Sadiya rasuwa a Giade, ta tafi da sassafe ta ce sai yamma. Malam na kasuwa. Gidan ya rage daga uwa sai 'ya sai jariri. Lokacin bazara ne, irin zafin Azare da tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa.

Ya Gana ta jiƙa hannuwanta a ruwan ɗumi har suka saki. Ta sirka ruwan wanka, ta auna, ta jera sabulu da mai da tsumma. Ta zauna ta miƙe ƙafafu bisa bahon. Ta ɗaga murya ta ce, "Auta, kawo mini mijin nawa, ruwa zai huce."

Khaulat ta fito da yaron a kafaɗa, ta riga ta tuɓe masa riga. Ta tako har gaban uwarta. Ya Gana ta miƙa hannu biyu. Khaulat ta dubi hannuwan, ta dubi ruwan, ta waiga ta dubi ƙofar gida da ba kowa. Ta sunkuya kamar za ta miƙa, sai ta tsaya. Ya Gana ta ga yadda yatsun 'yarta suka ƙara nutsewa a bayan yaron, ta ga idanunta sun ciko. Ta san Khaulat ta yarda da likita, ta san ita ta yi mata yaƙi a Jama'are, ta kuma san abin da take gani yanzu ba ya jin bayanin kowa. Ita ce fa ta koya wa matan unguwar nan cewa uwa ba ta miƙa ɗanta inda ranta bai kwanta ba.

"Mama," in ji Khaulat, "kamar yau da ɗan sanyi-sanyi. Ko a goge masa jiki kawai, in Goggo ta dawo a yi na yamma?"

Gumi na bin wuyan su duka biyun. Ya Gana ta sauke hannuwanta a hankali ta ɗora a cinya.

"Gaskiyarki," ta ce. "Da sanyi. Mayar masa da rigarsa kada mura ta kama shi."